Takardar Ɗan Asali da Shirye-shiryen Haɗin Kan Ƙasa: Inda Aka Kwana a Najeriya

A watan Yulin 2025, Mataimakin Shugaban Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya janye wani ƙudiri da ya gabatar domin gyara kundin tsarin mulkin ƙasa. Ƙudirin ya nemi a bai wa duk ɗan Najeriya da ya zauna a wata jiha shekara 10 a jere damar zama ɗan asalin wannan jihar, haka ma matar da ta yi shekara 5 tana auren ɗan jihar. Tun kafin a yi nisa, ƙungiyoyin al'ummomi da dama suka yi ca a kansa, har ta kai aka ajiye shi. Wannan ya bar mutane da yawa cikin ruɗani, domin ƙasar da ta shafe fiye da shekara 50 tana tura matasanta hidima a jihohin da ba nasu ba, tana kuma gina makarantun haɗa 'ya'yan ƙabilu daban-daban, ita ce kuma ta kasa amincewa da cewa wanda aka haifa a gari ɗan garin ne. Fahimtar wannan lamari na buƙatar a duba shirye-shiryen haɗin kan da ake da su, da dalilin kafa su, da kuma ginshiƙin da aka ɗora su a kai.

## Hanyoyin da gwamnatoci ke bi

Ƙasashen da suka tara al'ummomi masu harsuna da addinai mabambanta sukan ɗauki ɗaya daga cikin manyan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce narkar da kowa cikin al'ada guda, inda hukuma ba ta kallon ƙabila ko addini, sai dai ɗan ƙasa kawai. Faransa ce fitaccen misali: a 2004 ta hana sanya alamomin addini bayyanannu a makarantun gwamnati, ciki har da hijabi, kuma ba ta ƙidaya jama'arta bisa launin fata ko ƙabila. Ta biyu ita ce karɓar bambancin al'adu, inda hukuma ke amincewa da kowace al'umma da harshenta da al'adunta, har ma ta kashe kuɗi wajen raya su. Kanada ta ayyana wannan a matsayin manufar gwamnati a 1971 zamanin Pierre Trudeau, ta kuma mayar da ita doka a 1988. Akwai kuma masu tilasta cuɗanya da ƙarfin doka, kamar Singapo, wadda tun 1989 ta ƙayyade kason kowace ƙabila a cikin gidajen gwamnati domin kada wata unguwa ta zama ta ƙabila ɗaya.

Bambancin Najeriya da waɗannan ƙasashe shi ne, muhawararsu galibi a kan baƙin haure da 'yan ci-rani take, alhali a nan dukkan ɓangarorin 'yan ƙasa ne. Shi ya sa ya wajaba a rarrabe matsayi uku. Ɗan ƙasa shi ne wanda kundin tsarin mulki ya ba shi wannan matsayi, galibi ta hanyar haihuwa. Mazauni shi ne wanda yake zaune a wani gari yana sana'a yana biyan haraji. Ɗan asali kuwa shi ne wanda ake danganta iyayensa ko kakanninsa da al'ummar da ake ɗauka ita ce ta asali a wurin. Mutum na iya zama ɗan ƙasa kuma mazaunin Jos ko Kano ko Legas tun daga haihuwa har tsufa, amma a takarda ya kasance ɗan asalin wani ƙauye da bai taɓa kwana a cikinsa ba.

## Tushen lamarin

Kafin zuwan Turawa, biranen ƙasar Hausa suna da hanyarsu ta karɓar baƙi. Sunayen unguwannin cikin birnin Kano kaɗai sun isa shaida: Ayagi ta Yarbawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, da Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna. Zuriyar waɗannan mutane a yau Kanawa ne, ba mai tambayarsu takarda. Mulkin mallaka ne ya zo da tsarin ware baƙi, inda aka kafa Sabon Gari a wajen ganuwa domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, kamar yadda aka tattara Hausawan Ibadan a unguwar Sabo. Duk da haka siyasar wancan lokacin ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba, domin a shekarun 1950 wani Bafillatani ɗan lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, shi ne magajin garin Inugu na farko.

Abin da ya dagula lissafi shi ne tazarar ilimin boko tsakanin Kudu da Arewa. Makarantun mishan sun daɗe da kafuwa a Kudu, yayin da a masarautun Arewa aka taƙaita su, don haka da aka doshi 'yancin kai sai ya zamana mafi yawan ƙwararrun ma'aikata 'yan Kudu ne. Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta ɓullo da manufar fifita 'yan Arewa a ayyukanta, a rundunar soja kuma aka kafa tsarin kaso da ya bai wa Arewa kashi 50 cikin 100, Gabas da Yamma kashi 25 kowannensu. Juyin mulkin Janairun 1966, da na ramuwar gayya a Yulin shekarar, da kashe-kashen da suka biyo baya, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, su suka tabbatar wa shugabannin lokacin cewa tsoron danniya na iya wargaza ƙasar. Daga wannan tsoro ne kusan dukkan shirye-shiryen haɗin kai suka samo asali.

## Hidimar ƙasa da makarantun tarayya

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, NYSC, da doka mai lamba 24 a ranar 22 ga Mayun 1973, a ƙarƙashin manufarta ta sulhu da sake gina ƙasa bayan yaƙi. Tsarin mai sauƙin fahimta ne: wanda ya kammala jami'a ko babbar difloma kafin ya cika shekara 30 za a tura shi wata jiha da ba tasa ba, ya yi mako 3 a sansanin horo, sannan ya ƙarasa shekara guda yana aiki, galibi a makaranta ko asibiti ko ma'aikata. Rukunin farko bai kai mutum 2,500 ba, a yau kuwa dubban ɗaruruwa ake turawa kowace shekara. An kuma saka dokar shirin cikin kundin tsarin mulkin 1999, ta yadda ba za a iya soke shi ba sai an bi matakan gyaran kundin.

Tambayar da aka fi yi ita ce ko shirin ya cimma burinsa. Wata masaniyar tattalin arziki, Oyebola Okunogbe, ta bi sawun waɗanda suka yi hidima shekara 7 bayan kammalawa, ta gano cewa waɗanda aka tura yankin wata ƙabila sun fi takwarorinsu yiwuwar zama a wasu sassan ƙasar, sun fi ƙulla soyayya da 'yan wasu ƙabilu, kuma sun fi alfahari da Najeriya. Binciken ya kuma nuna cewa alfaharinsu da ƙabilarsu ma ƙaruwa ya yi. Wannan sakamako yana da muhimmanci ga muhawarar, domin yana nuna cewa kishin ƙasa da kishin asali na iya tafiya tare a zuciya ɗaya.

Sai dai rashin tsaro ya yi wa shirin babbar illa. A rikicin bayan zaɓen 2011 an kashe masu hidima 10 a Jihar Bauchi, a watan Agustan 2023 kuma aka sace wasu matasa 'yan Akwa Ibom a Zamfara suna kan hanyarsu ta zuwa sansanin Sakkwato. Iyaye da dama yanzu kan yi duk mai yiwuwa a sauya wa 'ya'yansu wurin hidima zuwa kusa da gida, kuma masu hanya ne suka fi samun hakan, abin da ke nufin ɗan talaka ne ya fi cika sharaɗin da aka kafa shirin dominsa. A 2021 wani ɗan Majalisar Wakilai daga Ribas ya kawo ƙudirin soke shirin baki ɗaya, bai dai yi nasara ba. Ƙarin alawus daga naira 33,000 zuwa 77,000 ya rage wa matasan raɗaɗin tsadar rayuwa, amma bai taɓa matsalar hanya ba.

Makarantun sakandaren tarayya ma a kan wannan tunani aka gina su. An buɗe guda 3 a 1966 a Sakkwato da Warri da Okposi, bayan yaƙi aka yawaita su, yanzu sun haura 100. Manufar ita ce yaro daga Katsina ya kwana a ɗaki ɗaya da yaro daga Kalaba tun suna ƙanana. Harin da aka kai makarantar Buni Yadi a Fabrairun 2014 da sace ɗaliban Birnin Yawuri a Yunin 2021 sun sa iyaye da dama sun daina tura yara nesa.

## Tsarin raba-daidai

Shiri mafi tasiri a rayuwar yau da kullum shi ne tsarin raba-daidai, wato raba muƙamai da guraben gwamnati tsakanin jihohi. Janar Murtala Muhammad ne ya jawo hankali gare shi a jawabinsa ga kwamitin rubuta kundin tsarin mulki a Oktoban 1975, ya shiga kundin 1979, kana ya ci gaba a na 1999. Sashe na 14(3) ya ce dole a tsara gwamnatin tarayya da hukumominta ta yadda 'yan wasu jihohi ƙalilan ko wasu ƙabilu ba za su mamaye ta ba, sashe na 147(3) kuma ya wajabta wa shugaban ƙasa naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, wanda dole ya kasance ɗan asalin jihar. A 1996 aka kafa Hukumar Raba-Daidai domin sa ido, kuma ƙa'idarta ta tanadi cewa a kowace ma'aikatar tarayya 'yan kowace jiha kada su gaza kashi 2.5 cikin 100, kada kuma su wuce kashi 3.

A fannin ilimi, tsarin shiga jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimi. Wurin da bambancin ya fi fitowa fili shi ne jarrabawar shiga makarantun sakandaren tarayya. A 2013 an buƙaci yaro ɗan Anambra ya samu maki 139, yayin da aka sa wa yaro namiji ɗan Zamfara maki 4. Lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara, kuma a 2014 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke cewa wannan bambanci ya saɓa wa sashe na 42 da ya haramta wariya.

Masu kare tsarin na cewa ba domin shi ba da wasu jihohi ba za su samu ko da darakta ɗaya a Abuja ba, kuma hukumar da jama'a ba su ga nasu a cikinta ba ba za su amince da ita ba. Masu suka na cewa yana danne cancanta, yana kuma hukunta yaro saboda jihar kakansa. Akwai kuma suka ta uku da ba a cika jin ta ba, wadda ta fi shafar Arewa: gurbin da aka ware wa jihar da ke baya a ilimi sau da yawa ɗan babban ma'aikaci da ya yi makarantar kuɗi a Abuja ko Kaduna ne ke cinye shi da takardar ƙauyen kakansa, yaron da ke zaune a ƙauyen kuwa ko firamare mai malamai bai samu ba. Bayan shekara 40 da ɗoriya ana rangwamen maki, tazarar da aka so cikewa tana nan, abin da ke nuna cewa rangwame a ƙofar shiga ba ya maye gurbin gyaran makarantun firamare.

## Inda shirye-shiryen suka ci karo da juna

Sashe na 15(3) na kundin tsarin mulki ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a ko'ina, da ƙarfafa auratayya tsakanin ƙabilu da addinai. Amma wannan sashe yana cikin babi na 2, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna tilasta aiwatar da shi. Shi kuwa raba-daidai yana da hukuma da ƙa'idoji da hukunci, kuma ba zai yi aiki ba sai an san jihar kowa. Sashe na 318 ya fassara zama ɗan jiha da cewa ɗaya daga cikin iyayen mutum ko kakanninsa ya fito daga al'ummar asali ta jihar, ba tare da ya fayyace wace ce al'ummar asali ba, ko daga wace shekara ake fara lissafi.

Wannan giɓi ya faɗa hannun ƙananan hukumomi 774, waɗanda su ke bayar da takardar shaidar ɗan asali, wadda jama'a ke kira takardar indijin. Babu doka guda ta ƙasa da ta tsara yadda ake bayar da ita, don haka a wani wuri wasiƙar mai unguwa ko dagaci ta isa, a wani wurin kuma sunan mutum ko addininsa kaɗai na iya hana shi. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, to amma a ƙarƙashin wannan tsari akwai iyalan da suka haura shekara 100 a gari ana lissafa su cikin raɓa. Ga kuma ƙirƙiro jihohi, daga 12 a 1967 zuwa 36 a 1996, wanda kowane zagayensa ya mayar da wasu ma'aikata baƙi a garin da jiya yake babban birnin jiharsu.

Jos ce ta fi ɗanɗana kuɗar wannan al'amari. Bayan ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, takaddama ta tsananta tsakanin Birom da Afizere da Anaguta a gefe guda, da Hausawa da Fulanin da kakanninsu suka zo tun zamanin haƙar kuza a ɗaya gefen. Rikicin Afrilun 1994 ya tashi ne a kan naɗin shugaban riƙo na ƙaramar hukumar, na Satumban 2001 ya biyo bayan naɗin jami'in shirin yaƙi da talauci, na Nuwamban 2008 kuma a kan zaɓen ƙaramar hukumar ne. Rikicin Zangon Katab da ke Jihar Kaduna a 1992 ma ya fara ne da batun sauya wa kasuwa matsuguni. Ba kuma matsalar Arewa da Kudu ba ce kawai, domin a 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatanta waɗanda ba 'yan asalin jihar ba, alhali mafi yawansu Inyamurai ne daga jihohin maƙwabta.

## Matsayin ɓangarorin

Masu goyon bayan a koma ga zama maimakon asali na kafa hujja da cewa wanda ke biyan haraji a jiha yana da haƙƙi a kan abin da ake yi da harajin, kuma miliyoyin mutanen da aka haifa a birane ba su da wata alaƙa ta zahiri da garuruwan kakanninsu. Suna ƙarawa da cewa ba a yi adalci ba a tura matashi hidima Bayelsa, ya yi aure a can ya haihu, sannan a ce 'ya'yansa ba su da rabo a tallafin karatun jihar.

Masu adawa kuwa ba duka ne masu ƙyamar baƙi ba, kuma ya kamata a fahimci abin da suke tsoro. Ƙananan ƙabilu, musamman a tsakiyar ƙasar, na ganin manyan ƙabilu uku suna da jihohin da babu mai yi musu takara a cikinsu, su kuwa ƙaramar hukuma ɗaya ko biyu ce kaɗai inda muryarsu ke da nauyi, idan aka buɗe ta yawan jama'a zai rinjaye su a zaɓe da sarauta da filaye. Gbagyi da sauran mutanen asali na Abuja kan kawo kansu a matsayin misalin abin da ke faruwa idan birni ya girma a kan gonakin mutane. A Legas ma irin wannan fargaba ta fito fili a zaɓen 2023. Akwai kuma batun ramuwa: kowane yanki na tambaya ko za a bai wa 'ya'yansa a wasu jihohi abin da ake nema ya bayar a tasa.

Tsakanin waɗannan biyu akwai masu ganin a raba haƙƙoƙin gida biyu. Sarautar gargajiya da filayen gado su tsaya a hannun 'yan asali, amma makaranta da asibiti da aikin gwamnati da tallafin karatu su bi zama da biyan haraji. Wannan ra'ayi ya fi kusa da magance koken kowane ɓangare, sai dai bai warware batun kujerun siyasa ba, wanda a kansa aka fi zubar da jini.

## Abin da wannan ke nufi ga talaka

Tun da an janye ƙudirin, komai na nan yadda yake. Mai neman shiga soja ko ɗan sanda ko kwastan ko wata ma'aikatar tarayya zai ci gaba da gabatar da takardar ƙaramar hukumarsa ta asali. A jami'o'in jihohi da dama, ɗalibin da ba ɗan jiha ba zai ci gaba da biyan kuɗin makaranta fiye da abokin karatunsa, ko da unguwa ɗaya aka haife su. Bahaushen Sabo a Ibadan da Inyamurin Sabon Garin Kano duk matsalarsu ɗaya ce a wannan fuska, kuma wanda ya rasa mai shaidarsa a garin kakanninsa kan koma ga sayen takarda ta bayan fage, abin da ke iya zame masa laifi ranar da aka tantance ma'aikata.

Matan aure na cikin tsaka mai wuya, domin ƙa'idar Hukumar Raba-Daidai ta ce mace na ci gaba da riƙe jiharta ta asali ko bayan aure. A 2012 an dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda an gabatar da ita a gurbin Abiya, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana aiki, alhali asalinta Anambra ce, sai daga baya aka rantsar da ita. Idan alƙaliya ta gamu da wannan, ana iya hasashen halin malamar firamare ko ma'aikaciyar jinya. Wani rukunin da lamarin zai ƙara shafa nan gaba shi ne 'ya'yan waɗanda Boko Haram da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu a Borno da Zamfara da Katsina da sauran wurare, waɗanda ke tasowa a wasu jihohi yayin da ƙauyukan da za su shaide su suka watse.

Gyaran kundin tsarin mulki na buƙatar aƙalla kashi 2 cikin 3 na 'yan kowace majalisar tarayya da kuma amincewar majalisun jihohi 24, kuma 'yan majalisun jihohi su ne suka fi dogara da ƙuri'un masu amfana da tsarin da ake da shi. Saboda haka sauyin da ya fi yiwuwa a kusa daga jihohi zai fito ɗaya bayan ɗaya. Gwamnatin Kaduna zamanin Nasir El-Rufai ta sanar da daina bambanta ɗan asali da baƙo a hidimominta, ta kuma kafa hukumar rajistar mazauna jihar mai bayar da katin zama. Irin wannan kati na iya buɗe wa mutum ƙofar makaranta ko asibitin jiha, amma ikonsa a kan iyakar jihar yake tsayawa, domin fom ɗin ɗaukar aiki na tarayya har yanzu jihar asali da ƙaramar hukumar asali yake tambaya.